Haɗewar Bankunan Najeriya: Yadda 89 Suka Koma 25

A cikin watanni goma sha takwas, tsakanin Yulin 2004 da ƙarshen Disambar 2005, adadin bankunan Najeriya ya sauko daga 89 zuwa 25, bisa umarnin Babban Bankin Najeriya, wanda ya ɗaga mafi ƙarancin jarin da banki zai mallaka daga naira biliyan 2 zuwa naira biliyan 25. Wannan lamari, da aka fi sani da haɗewar bankuna, shi ne sauyi mafi girma da sana'ar banki ta fuskanta a ƙasar tun bayan kafa Babban Bankin, kuma tasirinsa ya kai ga waɗanda ba su taɓa mallakar hannun jari ba, domin ya canja sunayen da ke jikin gine-gine a kowane babban gari, ya kuma canja wurin da ake yanke hukuncin wanda za a bai wa rance. Tarihin abin da ya gabace shi da na abin da ya biyo bayansa yana nuna cewa haɗewar ta warware matsalar ƙarancin jari, amma ba ta taɓa matsalar riƙon amana ba, wadda ita ce ta riƙa kashe bankunan ƙasar tun zamanin mulkin mallaka.

Kuɗin da ke hannun banki iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin dukkan bayanin da zai biyo baya. Akwai ajiya, wato kuɗin jama'a da banki ya karɓa bisa alkawarin mayarwa duk lokacin da aka nema, sannan akwai jari, wato kuɗin masu bankin kansu, wanda suka zuba da sayen hannayen jari, haɗe da ribar da aka tara ba a raba ba. Banki yana ba da rance ne daga kuɗin ajiya, saboda haka idan wanda ya ci bashi ya kasa biya, asarar tana fara cin jarin masu banki, kuma sai jarin ya ƙare sannan ta taɓa kuɗin masu ajiya. Dalilin da ya sa hukuma take ƙayyade mafi ƙarancin jari ke nan: gwargwadon kaurin jarin, gwargwadon asarar da banki zai iya shanyewa kafin ya rufe ƙofa.

Ɗaga jari a matsayin maganin rugujewar bankuna ba sabon abu ba ne a Najeriya. Harkar banki irin ta zamani ta fara a Legas a 1892, kuma Bank of British West Africa, wanda aka kafa a 1894 (shi ne ya zama First Bank a 1979), tare da Barclays, kakan Union Bank, su suka mamaye fagen, suna hidima ga gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin Turawa, suna kuma ɗari-ɗari da bai wa ɗan ƙasa rance. Wannan wariya ce ta sa 'yan ƙasa suka shiga kafa bankunansu, musamman daga ƙarshen shekarun 1940, a lokacin da babu dokar da ta hana kowa rataya allo ya kira shagonsa banki. Dokar banki ta farko, ta 1952, ta wajabta wa bankin ɗan ƙasa ya mallaki jarin da aka biya na aƙalla fam 12,500, na waje kuma fam 100,000, kuma cikin 'yan shekaru mafi yawan ƙananan bankunan nan suka mutu, wasu saboda sun kasa cika ƙa'idar, wasu kuma saboda masu su sun riga sun ranta wa kansu da danginsu kuɗin jama'a. Waɗanda suka tsira, kamar National Bank of Nigeria da Agbonmagbe a Yamma, da African Continental Bank a Gabas, sun tsira ne da tallafin gwamnatocin yankunansu.

Arewa ta shigo wannan fage a makare, da kafa Bank of the North a 1959, wanda hedkwatarsa take Kano, kuma aka soma shi da haɗin gwiwar Intra Bank na ƙasar Labanan, kafin ya koma hannun gwamnatin yankin, daga baya kuma hannun jihohin da aka ƙirƙira daga cikinsa. A 1959 ɗin ne kuma Babban Bankin Najeriya ya fara aiki. Bayan rarraba ƙasar zuwa jihohi, kusan kowace gwamnatin jiha ta so ta ga banki nata, har aka sami Inland Bank a Bauchi, da Intercity Bank a Minna, da Lion Bank a Jos, da makamantansu a Kudu. Irin waɗannan bankuna suna da amfanin da ba a cika ambata ba, domin manajojinsu sun san 'yan kasuwar garin da sana'o'insu, amma suna da cuta guda da ta zame musu ruwan dare, wato gwamnatin da ta mallake su ita ce kuma babbar mai cin bashinsu, kuma ita ke naɗa waɗanda ya kamata su matsa mata ta biya.

Yawan bankunan da aka zo ana kuka da shi a 2004 ya samo asali ne daga shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986, wanda ya sassauta ba da lasisi, har adadin bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 a 1992. Da yawa daga cikin sababbin ba don karɓar ajiya da ba da rance aka kafa su ba. Abin da ya jawo su shi ne tazarar da ke tsakanin farashin dala na gwamnati da na kasuwar bayan fage, domin lasisin banki yana ba mai shi damar sayen dala a wurin Babban Banki da araha, ya karkatar da ita kasuwa da tsada, ya ci ribar da babu gumi a cikinta. Da wannan hanya ta soma toshewa, aka kuma janye kuɗaɗen gwamnati daga bankuna a 1989, sai rauninsu ya bayyana. An kafa hukumar inshorar ajiya, NDIC, a 1988 domin biyan masu ajiya wani kaso idan banki ya rushe, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kotuna na musamman a ƙarƙashin dokar 1994 domin hukunta waɗanda suka durƙusar da bankuna, sannan a Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana guda. Duk da haka, 89 suka rage, yawancinsu ƙanana, masu rassa kaɗan a Legas da Abuja da Fatakwal.

A ranar 6 ga Yulin 2004, makonni kaɗan bayan kama aikinsa a matsayin gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo ya gabatar wa shugabannin bankuna shirin gyara mai ƙudurori 13, wanda na farkonsu, wato ɗaga jari zuwa naira biliyan 25, ya danne sauran a bakin jama'a. Hujjarsa ita ce, a binciken da aka yi a Maris na shekarar, bankuna 62 ne kawai aka samu cikin ƙoshin lafiya, 14 suna kan gaɓa, 11 ba su da lafiya, biyu kuma ko rahoto ba su kawo ba. Ya kuma nuna cewa bankuna da yawa sun dogara ne da ajiyar gwamnati, suna jiran kason wata-wata na jihohi da ma'aikatu maimakon su nemi ajiyar talakawa, kuma jarin banki mafi girma a ƙasar, kimanin dala miliyan 240, bai kai rabin jarin mafi ƙanƙantar banki a Malesiya ba. Bankin da ke da irin wannan jari ba zai iya ɗaukar nauyin gina matatar mai ko tashar lantarki ba, saboda doka ta iyakance abin da banki zai ranta wa mutum guda gwargwadon jarinsa. Masu adawa sun ce ba adalci ba ne a auna ƙaramin bankin da ke hidima ga jiha ɗaya da ma'aunin da ake auna First Bank, har Majalisar Dattawa ta yi yunƙurin gyara doka domin a kasa bankuna gida uku, manya da matsakaita da ƙanana, kowanne da nasa jarin. Yunƙurin bai kai ga zama doka ba, domin Shugaba Olusegun Obasanjo yana bayan gwamnan, kuma wa'adin 31 ga Disambar 2005 bai gusa ba.

Hanyoyi uku ne suka buɗe wa kowane banki: ya nemo sabon jari ta sayar da hannayen jari, ko ya haɗe da wasu su zama kamfani guda, ko ya yarda babba ya saye shi ya haɗiye sunansa. Hanya ta farko ce ta fi shafar jama'a kai tsaye, domin a waɗannan watanni tallar hannayen jari ta cika rediyo da talabijin da jaridu, aka jibge takardun neman saye a kan kantocin bankuna, aka kuma ɗora wa ma'aikata adadin da kowa zai sayar, har suka riƙa bin 'yan kasuwa rumfa-rumfa da ma'aikatan gwamnati ofis-ofis. Mutanen da ba su taɓa jin sunan kasuwar hannayen jari ba suka cika takarda, suka biya, suka jira takardar shaidar mallaka ta iso ta gidan waya bayan watanni. Ta wannan hanya bankuna suka tara fiye da naira biliyan 400. Zenith da Guaranty Trust sun cika ƙa'idar ba tare da haɗewa da kowa ba, haka ma bankunan da iyayensu ke ƙasashen waje, kamar Standard Chartered, waɗanda aka aiko musu da kuɗi daga gida.

Haɗewa kuwa ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi jan hankali ita ce ta 2005 tsakanin United Bank for Africa, tsohon banki mai rassa da yawa, da Standard Trust Bank, wanda ya fi shi ƙuruciya, inda aka riƙe sunan tsohon amma shugabancin ya koma hannun Tony Elumelu na sabon. Wannan haɗewa ce da ɓangarorin biyu suka zaɓa kuma kowa ya san abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa. Akasin haka ya faru ga bankunan da wa'adi ya ƙure musu, waɗanda suka taru biyar-biyar ko shida-shida a watannin ƙarshe, ba don sana'arsu ta dace da juna ba sai don jimillar jarinsu ta kai naira biliyan 25. Skye ya fito daga bankuna biyar, Sterling daga biyar, Spring daga shida, Unity kuma daga tara, kuma irin wannan haɗi ya fi kama da auren dole, inda ake ɗaura aure kafin a san halin juna. Wahalarsa ta fito fili tun daga watan farko: shugabanni tara ga kujera ɗaya, manhajojin kwamfuta daban-daban da ba sa magana da juna, ta yadda mai ajiya a wani reshe ba ya iya cirar kuɗi a wani reshen bankin da aka ce masa nasa ne, rassa biyu ko uku a titi guda da dole a rufe wasu, da ma'aikata masu matsayi ɗaya amma albashi daban. Mafi muni shi ne basussukan da suka ƙi biyuwa, waɗanda kowane banki ya shigo da nasa, kuma sau da yawa ba a gano girmansu ba sai bayan an sa hannu.

Bankuna 14 ne suka kasa samun mafita, aka soke lasisinsu a Janairun 2006, cikinsu har da Hallmark da Allstates Trust da Trade Bank da Societe Generale. Babban Banki ya yi alkawarin cewa masu ajiya masu zaman kansu ba za su yi asara ba, aka kuma bi tsarin da banki mai lafiya zai karɓi ajiyar mataccen tare da zaɓar kadarorinsa masu kyau, amma shari'o'in da masu wasu bankunan suka shigar sun sa mutane da yawa sun jira shekaru kafin su ga kuɗinsu.

Ga Arewa, sakamakon haɗewar ya fi na sauran yankuna nauyi, ko da yake ba a cika tattauna shi a lokacin ba. Bank of the North, wanda ya riga ya raunana da basussuka, ya narke cikin Unity Bank tare da Intercity da Tropical Commercial da wasu shida, Inland Bank ya shiga First Inland, Habib Nigeria Bank ya haɗe da Platinum suka zama Bank PHB, Diamond kuma ya haɗiye Lion Bank. Ƙa'idar tafiyar da bankuna ta 2006 ta ƙara iyakance hannun jarin gwamnati a kowane banki zuwa kashi 10 cikin ɗari, abin da ya rufe babin bankunan jihohi. Ba za a ce an zalunci waɗannan bankuna ba, domin yawancinsu gwamnatocin da suka mallake su da manyan mutanen da suka ci bashi suka ƙi biya ne suka kassara su tun kafin 2004. Amma abin da ya biyo baya shi ne Kano, cibiyar kasuwanci mai daɗaɗɗen tarihi, ta wayi gari babu hedkwatar babban banki ko ɗaya a cikinta, kuma Unity, wanda ya fara da hedkwata a Abuja, shi ma daga baya ya koma Legas. Nisan hedkwata ba ƙaramin abu ba ne a sana'ar rance, domin manajan reshe yana da iyakar abin da zai amince da shi, abin da ya wuce haka sai kwamitin da ke Legas, wanda bai san ɗan kasuwar hatsin Dawanau ko dilan yadin Kantin Kwari ba sai ta takardun da ke gabansa, kuma kasuwancin da ya ginu kan amana da sanayya ba ya cika barin irin takardun da kwamiti ke nema.

Wani abin da ƙa'idar ta jinkirta shi ne bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Kamfanin Jaiz ya riga ya tara kimanin naira biliyan 2.5 daga jama'a, abin da ya haura tsohuwar ƙa'ida, sai aka ninka ƙa'idar fiye da sau goma, kuma bankin bai buɗe ƙofa ba sai Janairun 2012, da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, bayan an sake tsarin lasisi.

Adalci ne a ambaci abin da haɗewar ta haifar na alheri, domin ba kaɗan ba ne. Rassa sun ƙaru, na'urorin cirar kuɗi sun yaɗu, bankunan Najeriya sun iya shiga rancen manyan ayyuka na sadarwa da mai da siminti, sun kuma buɗe rassa a Gana da sauran ƙasashen Afirka, har wasunsu suka zama cikin manyan bankunan nahiyar. Sai dai jarin ya zo da sauri fiye da ƙwarewar sarrafa shi, kuma bankunan ba su tsaya a biliyan 25 ba, domin a 2007 sun sake komawa kasuwa suna rige-rigen tara jarin da ya kai dala biliyan ɗaya, bayan Babban Banki ya yi alkawarin bai wa wanda ya kai wannan matsayi damar juya wani ɓangare na ajiyar ƙasa ta kuɗin waje. Bankin da ya tara kuɗi masu yawa dole ya nuna wa masu hannun jari riba, kuma hanya mafi sauri ita ce ba da rance domin sayen hannayen jari, inda hannayen jarin da aka saya su ne jinginar bashin. A wasu bankuna rancen ya tafi ne ga sayen hannayen jarin bankin kansa, ta hannun kamfanonin da shugabanninsa ke da alaƙa da su, ta yadda kuɗin masu ajiya ke ɗaga farashin, farashin da ya tashi kuma ya zama hujjar ƙarin rance. Ma'aunin kasuwar ya kai ƙololuwa a Maris na 2008, sama da maki 66,000, sannan ya zube da kusan kashi 70 cikin ɗari cikin shekara guda, a daidai lokacin da gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40, ta bar masu shigo da tataccen mai da basussukan da ba za su iya biya ba.

Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo a Yunin 2009, ya tura masu bincike cikin littattafan bankunan, kuma a ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin Afribank da FinBank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara da Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, jimillar tallafin ta kai naira biliyan 620. Abin lura shi ne Intercontinental da Oceanic suna cikin bankunan da suka fi kowa tara jari, sun ninka ƙa'idar 2005 sau da yawa, saboda haka ba ƙarancin jari ya kayar da su ba, sai yadda aka ba da rance da kuma gazawar masu sa ido wajen gano hakan da wuri. A Oktoban 2010 kotu ta yanke wa tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, hukuncin ɗaurin wata shida tare da ƙwace kadarori na kimanin naira biliyan 190. A shekarar ce aka kafa hukumar AMCON domin ta saye basussukan da suka ƙi biyuwa daga hannun bankuna, aka kuma kasa lasisi gida uku, na ƙasa da ƙasa a kan naira biliyan 50, na ƙasa a kan 25, na yanki a kan 10, wato kusan tsarin da aka ƙi amincewa da shi shekaru biyar kafin nan. Zuwa 2019, aƙalla sunaye tara daga cikin 25 ɗin da suka tsallake wa'adin 2005 sun ɓace, cikinsu har da Skye, wanda ya koma Polaris a 2018, da Diamond, wanda Access ya haɗiye.

Faɗuwar darajar naira ta cinye ƙa'idar a hankali, domin naira biliyan 25 da ta kai kusan dala miliyan 190 a 2005 ba ta kai dala miliyan 20 ba a 2024. A Maris na 2024 Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya sake ɗaga jarin zuwa naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na yanki, da 20 ko 10 ga bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, ya kuma ba da wa'adin shekara biyu zuwa 31 ga Maris na 2026. A Yunin 2024 aka soke lasisin Heritage Bank, wanda ya taso daga lasisin Societe Generale da kotu ta dawo da shi, sannan a Agusta Babban Banki ya amince da tallafin naira biliyan 700 domin haɗe Unity Bank, magajin Bank of the North, da Providus Bank na Legas.